Koriyar Riga Ranar Tsere

Ni nake yayyafa wa filin tseren motoci na garinmu ruwa, a nan Karolina ta Amurka, shi ya sa na gani. Ranar Asabar da la'asar Nadine ta shigo wurin gyaran motoci sanye da koriyar riga. A wurinmu direba ba ya son ganin kore ranar tsere, wai yana jawo haɗari. Shekara tara tana bin saurayinta Harlan, direban tsere, daga wannan fili zuwa wancan, ta san wannan sarai.

Harlan ya fito daga ƙarƙashin motarsa, ya dubi rigar, ya daɗe yana goge hannu.

"Kin yi kyau," ya ce.

"Ƙarya kake, tsoho. Gabanka faɗuwa yake."

"Zoben aurenmu yana nan, Nadine. Bari tseren bana ya ƙare."

"Haka ka ce bara." Ta gyara jakarta. "Gobe zan koma jihar Tenesi wurin yayata. Akwai wurinka a motata."

Ya juya ya dubi tasa motar, da sunansa da ya fara gogewa a saman ƙofa.

"Shekara ashirin da biyu ina zagaya fili, hagu kawai nake juyawa," ya ce a hankali. "Ban san wata hanya ba."

Ta jira. Sannan ta juya ta fita.

Aka kira direbobi, ya shiga ta taga ya zauna, don ƙofar motar tsere ba ta buɗuwa. Ranar shi ya zo na ɗaya. Ya tsaya riƙe da kofin nasara yana duban bencin da ta saba zama, ba kowa a kai, har mai ɗaukar hoto ya gaji ya ce masa, "Dubo nan."