Bugun Kansilan Hunkuyi

Karo na tara ke nan sandar kansilan Hunkuyi tana tono ƙasa, ƙwallon ko motsi bai yi ba. Baturen da ya gayyato shi tsohon filin wasan golf ɗin, albarkacin samun 'yancin kai, ya danne dariya.

"Ƙwallo ake bugawa, Malam, ba ƙasa ba."

"Hannun manomi ne, ranka ya daɗe," in ji kansila. Ya laluba aljihu, ya sunkuya, ya rufe gurbin da diddige.

Haka ya yi ta yi har rami na sha takwas, ramin ƙarshe na wasan.

Filin nan gonar ubansa ce kafin a tashe su. Ana gobe babbar gasar shekara, kwana biyar da ruwan shuka, dawa ta tsiro a filin layi-layi.