Lemon da Aka Zuba Bayan Shinge

Ranar bakwai ga watan Oktoba gari ya waye da raɓa mai nauyi, hadarin ƙarshen damina ya taru a gabas ya ƙi zuba. A safiyar nan wani manomi ya shiga lambunsa na lemon zaƙi, ya tarar 'ya'ya sun zube a gindin babbar bishiyar da mahaifinsa ya dasa, alhali lokacin nunarsu bai yi ba. Ya ɗauki ɗaya ya juya shi. Ga ɗan huji kamar na allura, kewayensa ya yi ruwan ƙasa. Ya sa farce ya ɓare, sai ga tsutsa ja-ja tana murɗawa a tsakiyar tsokar. Ya san ta. Uwarta wani ɗan ƙwaro ne mai fikafikai ruwan toka, dangin malam-buɗe-littafi, sai dai shi da magariba yake fita. Yakan ajiye ƙwai a jikin ɓawo, tsutsar ta huda ta shige, ta ci har lemon ya faɗo, sannan ta fita ta kwanta cikin ƙasa, ta tashi da nata fikafikan. Maganin ma ya sani, mahaifinsa ya nuna masa: a tsince duk wanda ya faɗi, a haƙa rami mai zurfi a binne, a danne ƙasar da ƙafa. To amma lambun a bakin hanyar rafi yake, kuma duk wanda ya ga sabon rami a lambun lemo ya san abin da aka binne. Daga wannan bishiyar ce duk garin ke zuwa yankar reshe don yi wa dashe aure, wato a haɗa reshen a jikin ƙaramar bishiya. Ba ya so a ce abin da ya yi suna a hannun uba ya ruɓe a hannun ɗa.

Sai ya dubi shinge. Bayansa lambun ƙanensa ne, rabon gado, duk mangwaro. Ya cika kwando da lemon da ya zube, ya waiwaya hagu da dama, ya juye ta can, ya ja busasshen ganye da sanda ya rufe. Washegari ma haka. Kullum kafin mata su fara wucewa ɗiban ruwa, gindin bishiyarsa tas, kamar an share don baƙo. Wata rana ƙanen ya leƙo ta kan shinge ya ce, "Yaya, ina jin tsamin lemo ta wajena. Lafiya dai?" Manomin bai ɗago kai daga sassaben da yake yi ba. Ya ce, "Birai ne. Su tsinka su yar." Ƙanen ya juya ya tafi. Daga ranar nan, ko kaza ce ta yi tono a gindin shinge sai manomin ya je ya leƙa.

Abin da bai tsaya ya tuna ba shi ne mangwaro ya gama 'ya'ya tun farkon damina. Tsutsotsin sun sami ƙasa mai laima da inuwar ganye, sun kwanta lafiya, ba rami ba wuta. Da suka tashi da fikafikai, suka zaga lambun ƙanen ba su sami ko ɗa ɗaya da za su ajiye ƙwai a kai ba. Wata magariba manomin yana ɗaure ƙofar lambu sai ya ga wani abu kamar toka yana tasowa daga bayan shinge, yana ƙetarowa, yana shigewa cikin babbar bishiyar. Ya tsaya da igiya a hannu har duhu ya rufe ganyen. Ba a daɗe ba lemo ya riƙa zuba fiye da na baya, manomin yana jin faɗuwarsa tim, tim, tun daga bakin hanya. Ya hau bishiyar ya duba reshe reshe. Wanda ya kama, huji.

Ramin da ya ƙi haƙawa shi ya haƙa, da rana tsaka, kuma dole aka tsige bishiyar kaf, ɗanye da nunanne. Masu wucewa suna cewa sannu da aiki, suna rage tafiya su leƙa. Ƙanen ya zo da shebur, ya fara kwashe ruɓaɓɓen tulin da ke gindin shinge, ya kawo ya zuba a ramin. Da suka danne ƙasa ya ce, "Da ka kira ni tun ran nan, Yaya, da ramin bai kai haka ba." A shekarar babu wanda ya zo neman reshe.

Shi ya sa masu iya magana suka ce, tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.