Hanjin Ɗan Akuya

Ana jajibirin Kirsimeti Baba ya yanka akuyarmu, bai san tana da ciki ba. Ɗan da ke cikinta bai kai babban yatsan Baba ba. Baba ya yi aikin jinya a soja, sai ya kira ni, ya nuna mini wani kumburi a gindin cibiyar da tsinken tsintsiya.

"Hanji ne, 'yata. Ciki ya yi masa kaɗan, sai ya fito nan, ya murɗa, daga baya ya koma."

"In bai koma ba fa, Baba?"

"Yakan koma," ya ce, ya wanke hannu.

Bara na haifi namiji, nasa bai koma ba. Kwanansa huɗu a duniya. Baba ba ya raye, balle in faɗa masa.