Ɓarawon da ke son tsohon hoto

Ranar Litinin Shu'aibu ya buɗe shagonsa na intanet a bakin kasuwar Yelwa, ya tarar babbar kwamfuta a kunne, alhali shi da kansa ya kashe ta jiya. Burauza, manhajar shiga intanet, a buɗe take, an ƙara girman shafin har ya cika fuskar kwamfutar. Wani tsohon hoto ne baƙi da fari: tsibiri, rumbuna uku, da kwalekwale a ɗaure a gindin tsamiya.

Shekarar da aka fara yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa ta intanet ce, ko wadda ta biyo bayanta, ban riƙe ba. Abin da na riƙe shi ne a lokacin wuta kan zo da asuba ta ɗauke da hantsi, ko da yake ga tafkin Kainji nan muna kallo.

Mutum biyu ne aka san suna da lambar sirrin kwamfutar: Shu'aibu, da Benjamin, mai gyara, wanda ya bar koyarwa a Warra ya zo ya riƙe masa injunan. Benjamin ya duba ya ce ai ba abin mamaki ba ne. Wata uku ke nan burauzar tana roƙon a sabunta ta, masu ita sun sanar cewa akwai ɓarakar da ɓarawo zai iya bi daga ko'ina a duniya, Shu'aibu kuwa kullum sai ya danna a bari sai gobe.

Shu'aibu yana da hujjarsa. Sabuntawar bara ta cinye yini guda, aka gama, injin buga takardu ya yi yaji kwana huɗu. A ganinsa masu burauza magina ne marasa kunya, su toshe tsaga ɗaya su buɗe biyu.

"To hoton fa, Alhaji?" in ji Benjamin. "Sa hannun ɓarayin intanet ke nan. Suna barin alama don ka san sun zo."

Aka sauya lambar sirri. Shu'aibu ya faɗa wa Benjamin ita a kunne, ya hana shi rubutawa. Sannan ya cire takardar ajami da ke manne a bango saman kwamfutar, ya manna sabuwa kusa da Ayatul Kursiyyu. Benjamin Kirista ne mai ladabi, bai taɓa tambayar mutum abin da addu'arsa ta ƙunsa ba.

Talata, hoto ya dawo. Laraba ma haka.

Gardama ta fita daga shago ta shiga kasuwa. Masu kabu-kabu suka goyi bayan Benjamin, don sun san abin da rashin juye baƙin mai yake yi wa inji. Dillalan kifi suka bi Shu'aibu, suka ce tsohuwar komar kamun kifi da ka san hujojinta ta fi sabuwa. Inna Dudu, mahaifiyar Shu'aibu, wadda ke share shagon bayan sallar asuba kafin ta tafi koya wa matan unguwa karatun allo, aka tambaye ta ra'ayinta. Ta ce ita mai sayar da bandar kifi ce, ina ruwanta da faɗan boko.

Daga nan zance ya juya. Wani ya ce ɓarawon da ke sanin sabuwar lamba kwana ɗaya da sauya ta ba daga ƙasar waje yake ba. Shu'aibu ya ji, ya kwana da maganar. Ranar Alhamis ya kira Benjamin gefe, bai dubi idonsa ba.

"Ka yi sabuntawar taka. Amma in gobe na ga hoton ga, ka san mutum biyu muke. Sai ka ajiye mini makullin akwatin gyara."

Benjamin yana da mata da 'ya'ya biyu, kuma an riga an ba wani gurbinsa a Warra. Ya zauna gaban kwamfutar daga hantsi har la'asar, janareto na kuka, layin saukewa na tafiya kamar kwalekwalen da ya sha lodin gero. Sau biyu yana yankewa. Da ta kammala, burauzar ta fito da sabuwar fuska. Maɓallai sun sauya wuri. Har jerin shafukan da aka ajiye, inda wata ɗalibar kwaleji ta taɓa adana abubuwan bincikenta kan garuruwan da tafki ya cinye, ya koma cikin wani lungu.

Juma'a da safe suka buɗe ƙofa tare, masu kabu-kabu uku na leƙe. Kwamfutar a kunne take, amma shafin fari fat. Babu tsibiri, babu tsamiya.

"Ka gani?" in ji Benjamin. "Ya shigo, ya tarar an toshe, ya koma."

Shu'aibu ya cire hula ya sosa kai, ya miƙa masa hannu. Yana cikin neman kalmar ba da haƙuri sai Inna Dudu ta shigo da tsintsiya a hammata, ranta a ɓace. Ta wuce su ta tsaya gaban kwamfutar.

"Wane marar aikin yi ya ɓoye mini hoton garinmu? Tun asuba nike nema, ko gidan babana ban gani ba yau." Ta ɗaga tsintsiyar ta nuna takardar bango. "Kai kuma Shu'aibu, in za ka rubuta lambar buɗewa da ajami ka riƙa sa wasali, ran Talata sai da na gwada sau uku kafin na gane bakwai ce ka rubuta."