Ragowar Tina a Ɗakin Hatsi

Wani manomi ne, shekaru sun fara rinjayarsa, ya sa aka shafe masa ƙofofin gida da fenti bayan girbi. Da mai fenti ya gama, sai tina ta yi saura, ruwan nan mai hawa kai da ake tsinka fenti da shi, ba ta fi rabin gwangwani ba. Mai fenti ya ce a bar ta cikin gwangwaninta, a danne murfin, a ajiye a inuwa nesa da wuta da abinci, ran kasuwa a kai masa shago, shi ya san yadda zai yi da ita. Manomi ya ce to. Amma irin mutanen nan ne da ko tsohuwar ƙusa ba sa iya yarwa. Ya dubi gwangwani, ya ga zai yi kyau da ɗiban ruwa. Ya dubi tina, ya ce wata rana za ta yi rana. Sai ya juye ta a gorar roba, ya ɗora can saman buhunan gero a ɗakin hatsi, wai don kada jikoki su ɗauka ruwan sha ne. Ranar kasuwa ta zo, bayansa na ciwo, ya ce sai ta gaba. Daga nan ya manta.

Bazara ta shigo, kwanon rufi ya ɗauki zafi. Gora ta kumbura, robar ta yi laushi, tina ta riƙa tsiyaya a hankali tana bin buhu bayan buhu. Ba a farga ba sai ranar da matarsa ta tuƙa tuwo, kowa ya kai loma ya tofar. Suka wanke geron, suka shanya, suka sheƙe, suka sake shanyawa har hannuwa suka gaji, warin yana nan. Aka watsa wa kaji, suka shinshina suka yi gaba. Buhu huɗu ke nan, abincin da zai kai gidan har kaka. Tsoho ya zauna bakin ƙofa, ya tuna huɗa da noman firi da ya yi da wannan bayan mai ciwo, ya ji ko faɗa ba shi da ƙarfin yi, ga shi kuma ba wanda zai yi wa sai kansa. Damina ta same shi yana noma da cikin da bai ƙoshi ba.

Ka ji abin da Hausawa ke nufi da suka ce, garin neman ƙiba aka samo rama.