Ruwan Randa a Tsakiyar Marka

Kai da aka ba amanar majinyaci, tsaya ka ji abin da ya sami wata mai ɗinkin hula. Bayan rasuwar mijinta ta koma gidan yayanta da zama, tana ci da allurarta, ko sabulu ba ta taɓa roƙon kowa ba. Sai ciwo ya same ta, irin wanda likitoci ke kira Em-Es, wanda garkuwar jiki ke juyowa tana cin jijiyoyin mai ita. Yayan ne ya raka ta asibiti. A cikin dogon bayanin likita magana ɗaya tak ya tsinto, cewa zafi yakan tayar wa masu wannan cuta da ciwonsu, sauran kuwa ya baro shi can. Tun daga ranar ya naɗa kansa likitan gida. Ya ɗauke kaskon wutar ɗakinta, ya kulle bargonta a akwati, ya sayo fanka ya kafa mata a ka, ya kuma kafa dokar cewa ba wanka sai da ruwan randa. To ita nata jikin ba haka yake ba, sanyi ne abokin gabarta. Da sanyin ya taɓa ta sai yatsunta su ƙage, allura ta suɓuce ba ta ji ba, ƙafafunta su sandare kamar taɓarya. Ta faɗa masa har bakinta ya gaji: "Yaya, wallahi sanyin nan ne yake kashe ni." Shi kuwa amsarsa ɗaya ce: "Ke kin fi likita sani ne?" Abin da ya fi ƙona rai, unguwa yabonsa take yi, wai ga ɗan'uwa na gari mai tsayawa a kan ƙanwarsa. Ba wanda ya leƙa ya ga tana zaune da hula a cinya, tana hura wa yatsunta iskar baki.

Ana nan marka ta sauka, kwana uku ba a ga rana ba. Matar yayan ta ji tausayinta, ta ɗuma mata ruwan wanka a ɓoye. Yayan ya fito ya hango tiriri na tashi daga bokiti, ya kifar da shi a tsakar gida, ya ɗebo na randa da hannunsa ya ajiye mata a makewayi. Ta dubi ruwan, ta san abin da zai yi mata. Amma a gidansa take, tuwonsa take ci, haka nan ta shiga. Kwarya biyu ta watsa, ƙafafun suka ƙi ta, ta zube a kan hannunta na dama, wuyan hannun ya karye. Da aka mayar da ita asibiti, likita ya tsallake yayan da dogon bayaninsa, ya duƙa ya tambaye ta: "Baiwar Allah, me jikinki ya fi ƙi?" Wata biyar tana ciwo, shi ne mutum na farko da ya yi mata wannan tambaya. Ta fashe da kuka. Likitan ya ce wani mai ciwon zafi ne ke kayar da shi, wani kuma sanyi, wani duka biyun, kuma majinyacin ake tambaya. Ruwa mai ɗumi, safa da mayafi sun ishe ta. Aka dawo mata da bargonta a ranar, to amma an makara. Ƙashi ya haɗe a karkace, hannun bai sake riƙe allura ba, kuma har gobe yayan cewa yake yi shi da kyakkyawar niyya ya yi. Ina amfanin niyyar da ba ta da kunne? Da ya saurari ƙanwarsa sau ɗaya, da yau tana ɗinkinta. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.