Hoton Kaza da 'Ya'yanta

Zauna tukuna, Shu'aibu. Tun da aka ɗora maka shugabancin kwamitin makarantar nan ba ka huta ba, mu ma ba ka bar mu mun huta ba. Rufi kake so, rijiya kake so, ga katanga, ga banɗaki, ga kujeru, wai duk a zango ɗaya. Kai kaɗai aka haifa da zafin nama? Bari in ba ka misalin wani mai hoto.

Mahaifinsa manomi ne. Ya tsufa, idonsa ya fara tafiya, aka ɗauko shi daga ƙauye zuwa birni neman magani. Likita bai ɓoye musu ba, ya ce ɗan ganin da ya rage ba lallai ya kai kaka ba. Tsohon bai yi ƙorafin ciwo ba, bai yi na abinci ba. Abin da ke cin ransa shi ne kaza da 'ya'yanta, taurarin nan da ke cure wuri ɗaya. Tun yana saurayi da su yake auna shekara: in ya ga sun sunkuya yamma bayan magariba, sai ya ce a fito da iri, a gyara fartanya, ruwa ya kusa. A birni kuwa fitilu sun cinye sama, mai lafiyar ido ma sai ya yi da gaske. Tausayi ya kama ɗan, ya ɗauki kyamara ya tafi ƙauye, ya kafa ta a bayan gidansu kafin isha'i, ya ɗauko kazar a saman rumbu da tsohuwar kukarsu. Da ya buɗe hoton a kwamfuta sai ya fito da duhu, kamar yadda hoton sama ya saba fitowa. Nan zumuɗi ya ɗebe shi. Dole rumbu ma ya fito, in ji shi, kuka ma ta fito, danga ma, kowane tauraro ma, Baba ya ga komai. Ya ja hasken hoton gaba ɗaya, ya ƙara, ya sake ƙarawa, idonsa ya saba da farin har bai ga ɓarnar ba. Ya adana a kan na farkon, ya wanko babba ya kawo yana murna. Tsoho ya kawo hoton daf da hancinsa, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Rumbu dai na gani. Ina kazar?" Sai a lokacin ɗan ya lura sama ta yi fari-fari kamar ruwan koko, taurarin sun narke a ciki.

Komawa ƙauye ba ta da amfani, don kaza ta riga ta faɗi, hadari ya fara haɗowa, kafin a sake samun ta sarai wataƙila tsohon ba ya gani. Ya gwada rage hasken, ina, toka ba ta komawa itace. Katin kyamarar ne kaɗai ya rage, shi ma yana zaton ya goge shi ranar da ya je ɗaukar wani suna. Ya sa shi a kwamfuta, ya bi hotunan jariri da na rago har ƙarshe, sai ga asalin hoton nan da duhunsa, ba abin da ya taɓa shi. Wallahi ajiyar zuciyar da ya yi sai da matarsa ta leƙo daga tsakar gida. Wannan karon bai taɓa hasken hoton gaba ɗaya ba. Ya zaɓi ƙaramin burushi na gyaran hoto a kwamfutar, ya rage masa ƙarfi, ya bi sararin da ke kewaye da kazar yana dusashe shi, shafa bayan shafa, har ya yi baƙi wuluk. Sannan ya bi 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya ɗan ɗiga masa haske kamar mai sa gishiri a miyar mara lafiya. Rumbu da kuka ya bar su a duhu, sai inuwarsu kawai, ko da yake abin ya yi masa ciwo don rumbun ya yi kyau. Bai ƙara tauraron da babu shi ba, ya san tsohon zai gane. In idonsa ya gaji sai ya fita ya sha iska, ya dawo ya duba da sabon ido. Da ya kai wa mahaifinsa, tsoho ya ɗora yatsa a kan curin taurarin, leɓensa na motsi yana ƙirgawa. "Ga ta nan," ya ce. "Ai kuwa ta sunkuya. A aika gida su fito da iri." Ɗan ya fita ƙofar ɗaki ya zauna a ƙasa yana ta hamdala.

To, Shu'aibu, shi Allah ya rufa masa asiri, katin bai goge ba. Kai ba ka da kati. Ajin da ruwa ke zuba a kan yara shi ne kazarka, ka rufe shi kafin damina, katanga ta ɗan jira a duhu, ba za ta gudu ba. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce garin neman gira ake rasa ido.